Babi na Bakwai: Manhajar Haya

A watan Mayu na 2013, kamfanin Adobe na Amurka, mai manhajar Photoshop da duk mai shagon hoto ko mai zana katin biki ya sani, ya sanar cewa ya daina fitar da sababbin manhajojinsa don sayarwa. Mai son sabuwar Photoshop sai dai ya riƙa biya wata-wata, ranar da ya daina biya kuma ta ƙi buɗuwa. Masu sana'a suka yi masa ca, dubbansu suka sa hannu a takardar koke. Adobe ya yi kunnen uwar shegu da su. Ribarsa ta faɗi da farko, amma kuɗin da yake samu a shekara sun tashi daga kimanin dala biliyan 4 a 2013 zuwa sama da biliyan 19 a 2023. Sauran kamfanonin manhaja suna gefe suna kallo, kuma sun gane karatun. Mai saye sau ɗaya yake zuwa, ya biya ya tafi, wataƙila sai bayan shekara biyar a sake ganinsa. Mai haya kuwa duk ƙarshen wata yana bakin ƙofa da kuɗinsa a hannu.

Ita Photoshop har yau a cikin kwamfutar mai ita take zaune, izinin buɗe ta ne kawai ke zuwa ta intanet. Wadda za mu duba a wannan babi ta wuce nan. Manhaja ce da ba ta cikin kwamfutarka sam. Tana can a rumbun bayanan wani kamfani, ita da duk abin da ka rubuta a cikinta, kai kuma kana leƙa ta daga wayarka ko kwamfutarka. Ita ake kira manhajar gajimare. Duk mai Gmail ya san ta ko da bai san sunanta ba: wayarsa ta faɗa rijiya, ya sayi wata, ya sa kalmar sirrinsa, ya tarar da wasiƙunsa yadda ya bar su.

Kafin zuwan wannan tsari, kamfanin da yake son manhajar lissafi ko ta biyan albashi sai ya yi shiri kamar mai aurar da 'ya. Zai sayi lasisi da kuɗi masu tsoka, ya sayi babbar kwamfutar da za ta ɗauki manhajar, ya ware mata ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ya tanadi janareta da batura, sannan ya ɗauki ma'aikacin da aikinsa kenan ya yi gadinta. Wata shida kan wuce ana haɗa kaya kafin a rubuta rasit na farko. Banki yana iyawa, kamfanin siminti yana iyawa. Mai kemis ko mai makarantar kuɗi ta unguwa ba ya ma kawo abin a ransa. A wajenmu, mu faɗi gaskiya, akasarin ƙananan ofisoshi kwafin sata mai gyaran kwamfuta yake sa musu, a biya shi ladan aikinsa a wuce.

A 1999 wani tsohon ma'aikacin Oracle mai suna Marc Benioff da abokansa uku suka buɗe kamfanin Salesforce a wani ɗakin haya a San Francisco. Hajarsu manhaja ce ta bin diddigin abokan ciniki, wa aka yi wa talla, wa ya yi alkawarin saye, wa ya kamata a sake kira. Ba sabon abu ba ne, wasu sun riga su. Sabon abin shi ne ba sa ba ka faifai. Ka buɗe shafinsu, ka biya kuɗin wata gwargwadon yawan ma'aikatanka, ka fara aiki a ranar. Tambarin tallarsu ma kalmar manhaja ce a cikin jan da'ira an ratsa ta da layi, irin alamar hana shan taba. Shekara bakwai bayan haka Amazon, wanda a lokacin da sayar da littattafai da tarkace aka san shi, ya fara ba da hayar ainihin injinan. A 2006 ya buɗe ma'ajiyar S3 a kan santi 15 duk gigabait a wata, sannan ya buɗe EC2, inda mutum zai hayi kwamfuta a kan santi 10 duk awa. Daga nan matasa uku masu basira da kwamfutar cinya suka iya kafa kamfanin manhaja ba tare da sun sayi injin ko ɗaya ba, kuma galibin manhajojin da ake ginawa a Legas da Nairobi a yau a kan irin waɗannan rumbuna suke zaune. Microsoft, wanda ya yi arzikinsa da sayar da faifai, shi ma ya bi sahu da Office 365 a 2011.

Arahar abin ba tsafi ba ce. Manhaja guda ɗaya ce ke yi wa dubban kamfanoni aiki a lokaci guda, kowa da ɓangarensa da ba ya ganin na wani. Idan aka gano kuskure, sau ɗaya za a gyara shi kowa ya amfana. Injinan ba sa zaman banza, domin lokacin da 'yan kasuwar Kano suka rufe shago, na Amurka suna tsakiyar ciniki. Kuɗin wuta da gadi da injiniyoyi kuma an raba shi a kan mutane da yawa har ya zama kowa ɗan kaɗan ya faɗa masa.

Amfanin farko da kowa ke ambata shi ne wannan sauƙin shiga, kuma gaskiya ne. Amma a ganina, ga ɗan kasuwar ƙasar Hausa, akwai wanda ya fi shi. A ƙarshen Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Idan irin haka ta faru, lissafin da ake yi a jarida na kaya ne: atamfa, takalma, kayan lantarki, tsabar kuɗin da aka bari a durowa. Ba a cika lissafa littafin bashi ba. Alhali a kasuwannin da rabin cinikinsu a kan amana yake tafiya, a ɗauki kaya yau a kawo kuɗi bayan an sayar, wannan littafin dukiya ce, wani lokaci ya fi abin da ke kan kanta daraja. Kaya in sun ƙone ana iya samun mai tallafawa da wasu. Littafin in ya ƙone sai dai a dogara da tsoron Allahn masu bashi da abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe. Kwamfutar da ke cikin shago ba ta magance wannan, ita ma ƙonewa take yi tare da littafin, ko ruwa ya ci ta kamar yadda ambaliya ta yi wa shagunan Kantin Kwari a daminar 2022. Wanda lissafinsa ke gajimare kuwa, washegarin gobara zai iya zama a gindin bishiya da wayarsa ya karanto wa kowa abin da ake binsa.

Na biyu shi ne ido. Ɗauki ɗan kasuwa mai shago a Kwari, da wani a Katsina, da sito a wani wuri, da kuma wakili a Maraɗi. A da sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata yaransa su kawo masa lissafi, shi kuma ya karɓa a yadda aka kawo. Da manhajar da duk rassan ke rubutu a cikinta, yana Dubai ko Guangzhou wajen saro kaya zai ga cewa wani zane ya ƙare a Katsina alhali yana jibge a sito, ya kuma san wane launi zai ƙaro kafin ya bar masana'anta. Ba duk yaran shago ne ke murna da wannan ba, kuma maigidan da ya kawo manhaja ya ga an yi ta kawo masa ƙorafin cewa tana da wuyar aiki, ya kamata ya duba ko wuyar ce ko kuwa wata kafa ce ta toshe.

Akwai kuma ɗawainiyar da aka ɗauke wa mutum ba tare da ya lura ba. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kafar da ta bi ta shiga, Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran ba, ko don sakaci, ko don kwamfutocinsu sun tsufa. A manhajar gajimare wannan aikin na mai manhajar ne, da dare yake yin sa, kai ka wayi gari ka tarar an yi. Lokacin kullen korona kuma kowa ya ga ranar abin: masu shiga taro ta Zoom a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020, ofisoshin da takardunsu ke gajimare suka ci gaba da aiki daga gida, waɗanda nasu ke kulle a kwamfutar ofis suka zauna jiran a buɗe gari.

Duk wannan alheri ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce wa ƙaramin ɗan kasuwa ya guje shi ba. Abin da ya kamata ya riƙe kawai shi ne matsayinsa a cikin wannan ciniki. Ɗan haya ne. Shagon ya fi wanda zai iya ginawa kyau, akwai wuta, akwai maigadi, amma ba shi ke yanka kuɗin haya ba, hanyar zuwa shagon ba tasa ba ce, kuma akwai wani mai riƙe da makulli irin nasa.

Mu fara da kuɗin, domin a nan ne 'yan Najeriya suka fi jin jiki. Yawancin waɗannan manhajoji da dala ake yi musu farashi. A ce, misali, kamfani yana da ma'aikata goma, kowanne ana biya masa dala 10 a wata. Dala 1,200 kenan a shekara. A farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen naira 460, kuɗin bai kai naira dubu 600 ba. A watan Yuni na shekarar Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500. Manhajar ba ta canza ba, ma'aikatan ba su ƙaru ba, kamfanin da ke Amurka bai ƙara ko santi ba, amma kuɗin shekara ya haura naira miliyan 1.8. Wanda ya sayi manhajarsa tun 2020 ya girka a kwamfutarsa, wannan guguwa ta wuce ta kansa. Takwaransa na Maraɗi ko Damagaram ma bai ji irin wannan zafin ba, saboda sefa a ɗaure take da yuro a farashi ɗaya. Kafin faɗuwar nairar kuma an sha wata wahalar: a 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Mutum yana da kuɗinsa a banki, yana son biyan hayarsa, amma ba hanya, sai ya nemi ɗan'uwa a Ingila ko ya sayi katin dala na intanet da tsada, agogo kuma yana tafiya zuwa ranar da za a rufe masa asusu.

An ɗan samu sassauci tun daga nan. Kamfanin Zoho na Indiya yana sa wa kayansa farashi da naira, Amazon ma ya fara karɓar naira a farkon 2025. Sai dai a lura da bambancin karɓar naira da yin farashi da naira. Wanda farashinsa dala ne amma yake karɓar naira a canjin ranar, wahalar biya kawai ya ɗauke maka, hawan dala yana nan a wuyanka.

Ko ba faɗuwar kuɗi, mai manhaja yana da ikon ƙara farashi duk lokacin da ya ga dama, kuma ya san tashi yana da wuya. Daga 2006 zuwa 2012 Google yana bai wa ƙananan kamfanoni imel da sunan kamfaninsu kyauta. Da ya rufe ƙofar, ya bar waɗanda suka riga suka shiga suka ci gaba da zama. A 2022 ya ce musu to, zaman kyauta ya ƙare ga masu kasuwanci, a fara biya. Mutumin da adireshin nan yake kan katinsa da allon shagonsa da takardun bankinsa shekara goma, ina za shi? Akwai kuma asarar da mutum ke jawo wa kansa, wadda ta fi yawa a manyan ofisoshi: ma'aikaci ya bar aiki tun bara amma ana ta biya masa kujera, ko sashe uku kowanne ya yi rajistar manhajarsa daban alhali aiki ɗaya suke yi. Kuɗin wata ba ya zafi kamar kuɗin dunƙule, shi ya sa ba a cika bin sa ba.

Sai hanya. Manyan kamfanonin gajimare uku duk a Afirka ta Kudu suka fara kafa cikakkun cibiyoyinsu na nahiyar, Microsoft a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Manhajoji da yawa da ake amfani da su a yankinmu kuma a Turai ko Amurka suke zaune. Ma'ana, rasit ɗin da kashiya ta buga a Zariya yakan bi waya zuwa Legas, ya shiga teku, ya je Ailan ko Landan, ya dawo, duk kafin mai saye ya gama ƙirga canjinsa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗuwa, masu amfani da kayan Microsoft suka yi ta fama. An karkatar da zirga-zirga zuwa wasu wayoyin, irin su Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022, amma gyaran waɗanda suka lalace makonni ya ɗauka, domin sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya ciro wayar daga ƙasan teku.

Mu a Arewa ba sai teku ta motsa ba. Mai aikin titi ya sa katafila ya tsinke waya, rabin gari ya rasa sabis. A watan Satumba na 2021 hukuma da kanta ta sa aka kashe layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, a wasu wuraren har tsawon watanni. Mai kemis a Gusau da lissafinsa duka ke gajimare, a wannan lokacin ko farashin maganinsa ba zai iya dubawa ba. Saboda haka tambayar da ɗan kasuwar nan zai fara yi wa mai tallar manhaja ba ita ce ta Bature ba. Ya tambaye shi: in babu sabis tana aiki? Akwai manhajojin da aka gina su riƙe ciniki a cikin wayar ko kwamfutar, in sabis ya dawo su tura. Akwai waɗanda da an ɗauke sai farin allo. Wadda aka ƙera don Landan galibi irin ta biyun ce, don maƙerinta bai taɓa tunanin za a wuni babu intanet ba. Masu hali suna haɗa layi biyu na kamfanoni daban, wasu kuma tun 2023 sun ƙara da Starlink, wanda shi ma wata hayar ce.

Shi kansa mai rumbun yana tuntuɓe. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani injiniyan Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni, ya kashe injina fiye da waɗanda ya yi niyya. Ma'ajiyar S3 ta yankin gabashin Amurka ta tsaya kusan awa huɗu, dubban shafuka da manhajoji suka tsaya tare da ita. Abin dariya, har shafin da Amazon ke sanar da matsala a kansa ya kasa nuna akwai matsala, don shi ma a can ya dogara. Kamfanonin sukan yi alkawari a rubuce cewa manhajarsu za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Da jin lambar ka ce ai babu saura, amma in ka buga lissafi, kusan awa tara ne a shekara aka yarje musu su ɗauke. In suka wuce haka kuma, diyyar ragin kuɗin wata ce, ba cinikin da ka rasa ranar jajibirin salla ba. Duk da haka a yi adalci. Ofishin da ya ajiye tasa kwamfutar a ɗaki, da wutar da muke da ita da tsadar man dizal, awa tara a wata ma zai yi godiya in ita kaɗai ya rasa.

Ɗaukewa ta awanni ana jure ta. Ɓatan bayanai shi ne babbar magana, kuma mutane da yawa sun ɗauka duk abin da ke gajimare ba ya ɓata. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa ƙurmus. Wasu abokan cinikinsa sun rasa komai, domin ba su ajiye kwafi a wani wuri ba, wasu kuma kwafin nasu a harabar da ta ƙone yake. A Afrilu 2022 kamfanin Atlassian ya goge shafukan abokan ciniki kusan 775 bisa kuskure, wasu sai da suka yi mako biyu kafin a dawo musu da su. A Mayu 2024 kuma wani kuskuren saiti a Google Cloud ya share asusun UniSuper, wata babbar hukumar fansho ta Ostireliya mai mambobi sama da rabin miliyan. Cikin abin da ya taimaka aka farfaɗo da ita har da kwafin da ta ajiye a wajen wani kamfani daban. Hukumar da ke juya biliyoyin daloli ba ta yarda ta zuba komai a wuri ɗaya ba, balle mai shago uku.

Batun masu kutse kuwa ana yawan fahimtarsa a baibai. Mutane suna tsoron kada a fasa Google ko Microsoft a kwashe musu sirri. Yana iya faruwa, amma ba ta nan ɓarawo ya fi shigowa ba. A 2024 an kwashi bayanai daga asusun kamfanoni da dama da ke ajiya a wajen Snowflake, cikinsu har da AT&T da Ticketmaster. Ba katangar Snowflake aka fasa ba. Kalmomin sirrin ma'aikatan kamfanonin aka sace, wasunsu tun shekaru, kuma asusun ba su da mataki na biyu na tantancewa, wato lambar da ake turo wa mutum a waya kafin a buɗe masa. Mai rumbu yana gadin gininsa, amma wanda ka bai wa makullinka ruwanka ne.

A nan ne nake ganin namu raunin ya fi na kowa, kuma ba na fasaha ba ne. Alhaji ba ya son wahalar waya, sai ya ce wa ɗan ƙaninsa ko yaron shagonsa mai ilimin boko ya buɗe musu. Yaron ya buɗe da imel ɗinsa, da lambar wayarsa, ya zaɓi kalmar sirri, ya raba wa kowa ita ɗaya. Shekara uku ana zaman lafiya. Ran da aka saɓa, ko yaron ya samu aiki a Abuja, ko Allah ya yi masa rasuwa, sai a gane cewa a idon kamfanin manhajar, duk lissafin nan na yaron ne. Alhaji ba shi da suna a ko'ina. Ba ofishin da zai je ya kai ƙara da shaidu, ba dattijon da zai sa baki, sai fom na intanet da amsar inji. Ko da ba a saɓa ba, kalmar sirri ɗaya ga mutum shida tana kashe rabin amfanin manhajar, domin in aka goge wani ciniki ko aka rage wani bashi, ba a san hannun wa ba ne. Gyaran ba ya cin ko kwabo: asusun ya kasance da imel da layin mai dukiya ko na kamfani, kowane ma'aikaci da nasa mashigin da iyakar abin da zai iya taɓawa, wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar, kafin ma a yi sallama.

Doka ma ta shigo. Tun Yuni 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke kula da ita, kuma a ƙarƙashinta asibiti ko makaranta ko kamfanin da ya karɓi bayanan mutane shi ke da alhakinsu ko a rumbun wa ya ajiye, da sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. A ɗaya gefen, Amurka ta yi wata doka a 2018 da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasarta ko a wace ƙasa suka ajiye su. Siyasa ma takan rufe ƙofa: a Oktoba 2019 Adobe ya sanar da mutanen Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, sai da ya samu izini na musamman ya fasa. Mai sayar da atamfa ba sai ya hana kansa barci kan wannan ba. Banki da asibiti da ma'aikatar gwamnati ya kamata su hana.

Akwai waɗanda suka yi lissafi suka tattara kayansu. Dropbox ya kwashe yawancin ajiyarsa daga Amazon zuwa rumbunansa, ya kuma bayyana cewa ya rage kashe kusan dala miliyan 75 a cikin shekara biyu. Kamfanin 37signals mai manhajar Basecamp ya kashe dala miliyan 3.2 a hayar gajimare a 2022, ya ga abin ya isa, ya sayi injinansa. Ana yawan kawo waɗannan a matsayin hujjar cewa gajimare yaudara ce. Amma su kamfanonin manhaja ne, da injiniyoyinsu, da aiki mai yawa wanda ba ya hawa da sauka, a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Mai makaranta a Funtuwa ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Shi zaɓinsa ba tsakanin haya da gini yake ba, tsakanin wannan mai haya ne da wancan, don haka abin da ya fi shafarsa shi ne ko zai iya tashi in zaman ya ƙi.

Tashin kuwa ba a cika sauƙaƙa shi ba. Shigar da bayanai kyauta ne, har taimaka maka za a yi. Fitar da su ne ake sa wa kuɗi ko a wahalar. Sai a 2024, bayan Tarayyar Turai ta matsa da doka, Google da Amazon da Microsoft suka yafe kuɗin fitar da bayanai ga mai barin su gaba ɗaya. Ƙananan kamfanonin manhaja kuma, waɗanda su ne suka fi fahimtar kasuwarmu, suka fi araha, suka iya aiki ba sabis, su ne kuma suka fi saurin mutuwa in kuɗin masu zuba jari ya ƙare. Ba dalilin ƙin su ba ne. Dalili ne na gwada ƙofar fita tun ana watan gwaji, kafin a biya ko sisi. A zuba cinikin mako guda na gaske, da bashi da biya da kayan da aka dawo da su, sannan a nemi maɓallin fitar da bayanai, a sauke su, a kashe data, a buɗe a kwamfuta a gani. In babu maɓallin, ko aka ce sai an rubuto musu wasiƙa, an samu amsa. In akwai, a sa wa wani aikin sauke kwafi duk Juma'a ya ajiye a gida, ba a shagon ba.

A duba abin da ya fito ɗin da kyau. Jerin kaya da sunayen abokan ciniki da jimillar abin da ake bin kowa galibi suna fita lafiya. Abin da kan maƙale shi ne tarihin: ranar da aka ɗauki kaya, nawa aka kawo a wane wata, wane yaro ya karɓa, da hoton rasit ɗin da aka liƙa. In rigimar bashi ta kai gaban shugabannin kasuwa ko alƙali, ba jimilla za a tambaya ba, waɗannan za a ce a kawo.